Bijimin Sammani

Da Sammani ya bar Ƙofar 'Yandaka ya tafi Abuja, ɗan buga bulo ne, kowa ya sani. Tun kafin silifas ɗin da ya tafi da shi ya tsinke sai ga shi ya dawo, da wata baƙar hula mai kama da fanken da aka taka, a karkace bisa kunne ɗaya, yana cewa daga yau kada wanda ya ƙara haɗa sunansa da bulo. Shi yanzu mai sassaƙa ne. Ba sassaƙar turmi da taɓarya ba, a'a, ta zamani, irin wadda ake girkewa tsakiyar titi manyan mutane su rage gudun mota su kalla. Waɗanda suka je Abujar tare da shi sun ce iyakar abin da suka gani, yana ɗaukar wa wani mai yin mutum-mutumi kwanon siminti yana miƙa masa bisa tsani. Sammani ya ce ai ta hannun mai miƙawa ilimin yake bi kafin ya kai sama.

Ya kama zauren gidansu ya mayar wurin aiki. Zauren na marigayi babansu ne, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara, sanyi kamar cikin randa. Amma ikonsa yana hannun wansa Alhaji Dabo, ɗan kasuwar hatsi, mutumin da bai taɓa kallon abu ba tare da ya tambaya me ake ci da shi ba. Shi kuwa Alhaji Dabo ya daɗe yana son ya sa injin niƙa a zauren nan.

Wata rana bayan la'asar, gaban mutanen da suka fito masallaci, ya tare ƙanen nasa.

"Sammani, wai mi kake yi cikin zauren nan tun da ka dawo?"

"Tunani nike, Yaya."

"Tunani ai ko gindin iccen bedi ana yin shi. Inji ne ba ya zama gindin bedi."

Aka yi dariya. Sammani ya gyara hula. A lokacin kuwa ƙungiyar unguwa ta gama gyaran wata mararraba, an gina ɗan dandamali a tsakiya, ana ta shawarar abin da za a ɗora a kai. Sai Sammani ya nuna can da haɓa.

"Ka ga dandamalin can? Aikina za ya hau."

"To madalla," in ji Alhaji Dabo. "Jama'a ku shaida. In abin da ka yi ya hau dandamalin nan ya zauna, zaure naka ne, ba ni ƙara magana. In bai zauna ba, ka kwashe tunaninka ka koma gidan bulo, inji ya shigo."

"Yaya, ka fara nemar wa injinka wani wuri tun yau. Mararrabar nan sai an taso daga Ingila an ɗauke ta hoto."

Ciyaman ɗin ƙungiyar, Usaini mahauci, yana tsaye a wurin. Ya tambaya me za a sassaƙa. Sammani ya ce bijimi, ƙato, mai tozo, mai ƙahoni kamar za su soki gajimare. Usaini ya ji an ambaci dabbar da ya fi ƙauna a duniya, nan take ya ce ƙungiya ta amince, bai ko waiwayi sauran 'yan ƙungiyar ba.

Saura kayan aiki. Kowa ya zaci siminti zai sa, tunda shi kaɗai ya sani. Sammani ya ce Allah ya kiyaye. Siminti ba ya numfashi, siminti na mai koyo ne. Shi malamarsa hasumiyar Gobarau ce, wadda ta ga sarakunan da ba a ma tuna sunayensu ba, tana nan tsaye da jar ƙasa. Sirrin da mutanen dā suka kwaɓa ƙasarsu da shi, shi zai tono.

Ya tafi Gobarau da rana tsaka, ya tsaya hannu a baya yana kallon hasumiya har wuyansa ya ƙage. Hasumiya ba ta ce masa komai ba. Sai ya kutsa cikin wani lungu a nan kusa, ya sami wani tsohon kango, ya yanke hukunci da kansa cewa sa'an hasumiyar ne. Ya shafa bangon. Ya ƙwanƙwasa. Ya sa kunne. Daga nan ya waiga hagu da dama, ya dangwali wani farin gari da ke gindin bangon, ya kai baki.

Gishiri-gishiri, kanwa-kanwa.

"Allahu akbar!" in ji Sammani. "Ashe nan suka ɓoye shi!"

Ya ƙara dangwala, ya lumshe ido. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin lungun ta daɗe tana kallonsa.

"Bawan Allah, lahiya?"

"Bincike nike, Inna."

"To ka binciko sama-sama. Nan gindin jakunan masu yashi ke tsayawa su yi hitsari."

Sammani ya tofar, ya goge baki da hannun riga. Amma kafin ya kai bakin titi ya riga ya gama shawara: tsohuwa ce, me ta sani game da gini? Sirrin mutanen dā kanwa ne da gishiri. Da ya iso Ƙofar 'Yandaka kuwa sirrin ya ƙaru da dusa, don ya tuna dole a sami abin da zai riƙe ƙasa, ciyawa kuma kowane magini yana sawa, shi kuwa ba kowane magini ba ne.

Aka jibge masa jar ƙasa a zaure. Ya lanƙwasa rodi ya yi ƙashin bijimi. Ya farfasa kantun gishiri, ya daka kanwa, ya juye buhun dusa, ya zuba ruwa, ya naɗe wando ya shiga yana takawa yana waƙa. Matarsa Mairo ta leƙo daga cikin gida.

"Malam, ina kanwata da na aje bisa rumbu?"

"Ta shiga tarihi."

"Dusar kajina fa?"

"Ita ma."

"To tarihin nan, shi za ya yi mana ƙwai?"

"Mairo, ba ki gane ba. Jikokin jikokinki za su tsaya gaban abin nan su ce da kanwar kakarmu aka yi shi."

"In sun samu tuwon da za su ci su girma ba," ta ce, ta saki labule.

Gaskiya dai, ba don son kai ba, bijimin ya fara kama da bijimi. Wanda duk ya leƙa ya ga ƙafafu huɗu da ciki da wutsiya da kai, in ya rufe ido ɗaya zai iya cewa sa ne. Sammani ya riƙa barin ƙyauren a buɗe don iska ta busar da aiki, don kuma masu wucewa su ga baiwa.

Masu wucewar da suka fara gani awaki ne.

Akuya ɗaya ta fara tsayawa bakin zaure, ta ɗaga hanci. Kafin azahar ta gayyato danginta. Kafin la'asar babu akuya ko tunkiya a unguwar da ba ta san hanyar zauren ba. Sammani ya kore su ta nan su ɓullo ta can. Ya shiga masallaci, kafin a sallame ya ji kukan murna daga wajen gidansu. Da ya dawo a guje ya tarar da su sun yi wa bijimi zobe, kowace da inda ta kama tana lasa, wani bunsuru kuwa ya tsaya bisa ƙafafun baya yana gaigayar wutsiya. Kafin ya rarumo sanda, wutsiya ta zama waya tsirara.

Yana cikin haki sai ga maƙwabciyarsu Hajiya Rahmatu, mai awakin da suka fi na kowa yawa, ta taho da mayafi a kafaɗa.

"Sammani, mi ka ba awakina?"

"Ni za ki tambaya, Hajiya? Dubi abin da suka yi mani!"

"Na zuba masu harawa sun kalle ni kamar baƙuwa. Sun shanye ruwan randa, sun shanye na alwalata. Ko asiri ka yi masu?"

"Asiri ɗaya ne, Hajiya, shi ne iyawa. Aikin kirki ko dabba tana gane shi."

"To sun gane wutsiyar ƙwarai. Ina take?"

Mutane sun fara taruwa. Sammani ya dubi wayar da ta rage, ya dubi jama'a, ya ɗauki filaya ya datse ta.

"Da ma cire ta zan yi. A ƙasashen da aka ci gaba an daina sa wa dabba wutsiya. Mai kallo shi ke ƙarasa ta a zuciyarshi."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "To ni ma ka ƙarasa mani ruwan randata a zuciyarka."

Daga ranar Sammani ya zama mai gadi. Ya rufe ƙyaure, aiki ya ƙi bushewa, ya fara tsami. Ya buɗe, awaki suka shigo. Duk inda suka lashe sai ya sake kwaɓa sabon haɗi ya cike, sabon haɗi kuwa ya fi tsoho ƙanshi, sai labari ya kai awakin Ƙofar Durbi. Ƙafar baya ta hagu ta sha yaɓe har ta fi sauran ukun kauri, kamar mai tundurmi.

Ana cikin haka Malam Nu'uman, limamin masallacin unguwa, ya yi sallama. Dattijo ne mai sanyin magana. Aka gaisa, aka tambayi gida, da iyali, da zafi, da aiki, da gajiya, aka sake komawa kan gida. Sannan Malam ya ɗaga kai ya dubi bijimi, bijimi ya dube shi da idanun ƙwallayen gilashi da Sammani ya liƙa masa.

"Malam Sammani, wannan mai rai ka siffanta."

"Ƙwarai, Allah gafarta Malam! Ka ga kai ma ka ga rai a jikinshi."

"Ba yabo nike ba. Ka san hukuncin siffanta mai rai. Ba za mu bari a girke wannan tsakiyar unguwa mutane na wucewa masallaci ba."

"Malam, ai ba bauta mashi za a yi ba."

"Awaki dai na ga sun fara yi mashi ɗawainiya safe da yamma. Abin da malamai suka ce, in aka cire kai, ya zama kamar kututturen icce, babu laifi. In ba a cire ba, ni zan fara zuwa wurin ciyaman."

Sammani ya yi gardama har muryarsa ta dushe. Ya kawo Abuja, ya kawo Masar, ya kawo ƙasashen da bai san inda suke ba. Malam ya saurare shi duka, yana jan carbi, da ya gama ya ce, "Kan dai." Sammani ya tuna injin niƙa. Ya ɗauki zarto. Kai ya faɗo da ƙahoninsa, tun bai gama gangarawa ba awaki suka bi shi waje.

Kafin magariba ya riga ya sanar a majalisar mai shayi cewa cire kan shawararsa ce, Malam tabbatarwa kawai ya zo yi. Kai, in ji shi, yana raba hankalin mai kallo. Da Usaini ciyaman ya ji, ya zo ya ga abin da ya rage na bijiminsa. Ya zagaya shi irin zagayen da yake wa sa a kasuwar shanu, ya daddanna haƙarƙari, ya matsa cinya.

"An dai gama yanka, saura fiɗa," ya ce. "Sammani, ni bijimi ka ce mani. Wannan in na kai shi mararraba mi zan ce wa jama'a?"

"Ciyaman, a ina darajar bijimi take?"

Usaini bai ko yi tunani ba. "Tozo."

"To ka gani! Duk abin da ke cikin kai, ƙarfi, da izza, da tunani, cikin tozo zan mayar da shi."

Ya kuwa mayar. Ya ƙaro ƙasa, ya ƙaro kanwa, ya ciyo bashin dusa wurin maƙwabta, ya hau tsani. Tozo ya yi ta hawa, ya wuce na bijimi, ya wuce na raƙumi, har sai da ya kusa gaisawa da azara. Sammani ya sauko ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce ko hasumiyar da ta koya masa ba za ta ji kunyar ɗalibinta ba.

Ranar buɗe mararraba ta zo. Alhaji Dabo ya yi sammako ya tafi kasuwar ƙauye sayen gero, ya ce zai dawo ya tarar da biki. Tun da hantsi aka kafa kanofi, aka jera kujeru, ana gwada lasifika. Majiya ƙarfi na unguwa suka taru a zaure, aka cicciɓi bijimi da salati aka ɗora bisa amalanke, aka turo.

Tozo ya daki saman ƙofa.

Aka ja baya, aka karkata, cikin ya daki gefe. Aka juya shi ta gindi, ƙafar nan mai tundurmi ta ƙi. Aka sace iskar tayoyin amalanke, bai rage komai ba. Ashe duk tunanin da Sammani ya yi a zauren nan, bai taɓa juyawa ya dubi ƙofar da yake shiga kullum sai ya sunkuya ba.

"A rage tozon mana," in ji wani.

"Wanda ya taɓa tozon nan sai mun kwana gaban alƙali! An cire wutsiya, an cire kai, in an cire tozo mi ya rage? Tebur?"

"To sai a kawo mararrabar nan ciki," in ji Hajiya Rahmatu, wadda ta zo kamun awakinta ta tsaya kallo.

Daga can lasifika ta fara kiran sunansa. Sammani ya dubi tozo, ya dubi ƙofa, ya ce a miƙo diga. Mairo ta fito har tsakiyar zaure, abin da ba ta saba yi gaban maza ba.

"Malam, ƙofar Baba ce fa. Ka jira Yaya Alhaji."

"Da Baba ya ga aikin nan, da hannunshi za ya ɗauki digar."

Ya miƙa wa na kusa da shi. Mutumin ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa wa na biyu, ya ce shi turi aka kira shi, ba rushe gidan mutane ba. Sai Sammani ya tofa yawu a tafi, ya ce ai da ma aikin gwani gwani ke ƙarasa shi. Ya kai wa bango sara. Tsohon tubali ya yi gardama, sannan ya fara zubowa. Ya faɗaɗa hagu, ya ga dama ta yi kishi, ya faɗaɗa dama, ya ɗaga sama. Kafin ya ajiye diga, gaban zauren ya wangame, ana hango tsakar gida har da tukunyar Mairo bisa murhu.

Bijimi ya fito a lulluɓe da zanin gadon Mairo. Majiya ƙarfi na turi, Sammani na gaba jikinsa duk yaɓe yana ɗaga wa mutane hannu, awakin unguwa biyu na biye a baya cikin natsuwa kamar masu rakiyar gawa.

Aka ɗora shi bisa dandamali. Malam Nu'uman ya buɗe taro da addu'a. Usaini ya gode wa duk wanda ya kawo yashi. Sannan aka yi kuskuren da ba a gyarawa: aka miƙa wa Sammani makirfo.

Ya fara daga Gobarau. Ya bayyana yadda hasumiya ta yi masa magana ba da baki ba. Ya zagi siminti, ya zagi bulo, ya zagi duk wanda ya taɓa buga bulo. Ya ce haɗin da ya yi sirri ne, ko matarsa rabinsa kawai ta sani. Ya ce mai sassaƙa na gaskiya ba ƙarawa yake ba, ragewa yake, shi ya sa za su ga babu abin da ba dole ba a jikin aikin. Rana ta take, masu kujera suka fara gyangyaɗi. Daga ƙarshe ya fizge zanin gado.

Jama'a suka zuba ido.

"Rumbu ne mai ƙafa?" wani ya tambaya daga baya.

"A'a, tulu ne aka kifa bisa gado."

"Ina gabanshi, ina bayanshi?"

"Ciyaman ya ce bijimi ne."

"Allah ya jiƙan shi, to."

Sammani ya buɗe baki zai ba su amsa, sai aka ji ƙasa na ɗan motsi. Wani makiyayi, Audu, wanda rugarsu ke bayan gari, shi ne ya biyo da garkensa zai kai su mashaya. Bazara ce, shanun sun rame, sun daɗe ba su ga kanwa ba. Saniyar da ke gaba ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta yi wani kuka mai tsawo. Garke duka ya karya kwana.

Audu ya yi kira, ya yi fito, ya ɗaga sanda. Ko kallonsa ba su yi ba. Masu kujera suka watse, kanofi ya karkace, randar zoɓo ta kife. Shanu suka yi wa dandamali ƙawanya suka miƙa wuya.

Sammani kuwa sai fuskarsa ta washe. Ya ɗaga makirfo.

"Jama'a kun gani! Ku kun ce rumbu ne, kun ce tulu ne. To ga 'yan uwanshi sun gane shi! Dubi yadda suke sumbatar shi!"

Harshen saniya ba na akuya ba ne. Akuya lasa take, saniya kankara take. Kafin ya rufe baki ƙafar gaba ta nuna rodi. Haƙarƙari ya fara zubowa. Na baya da ba su sami wuri ba suka riƙa tura na gaba. Murnar Sammani ta koma ihu.

"Kai mai shanu! Janye su! Kayan tarihi ne!"

"Malam, in kai za ka iya, bismilla!" in ji Audu.

Sammani ya yar da makirfo, ya kutsa tsakanin ƙahoni, ya haye dandamali ya rungume tozo, don shi ne abin da ya rage masa a duniya. To shi ma tun safe jikinsa haɗin ne. Wata saniya ta lashe shi daga ƙeya har tsakiyar baya, wata ta kama gefen rigarsa tana tauna. Yana shure-shure yana kiran sunan ciyaman, lasifika kuwa tana ɗauko komai daga inda makirfo ya faɗi tana rarraba wa unguwa. Sai babban bijimin garken, na gaske, mai kai da wutsiya, ya gaji da jiran layi. Ya ja baya, ya sunkuyar da kai, ya kai wa ɗan uwan nasa gaisuwa guda ɗaya.

Ƙafafu suka lanƙwashe. Tozo ya ɓalle, ya gangaro da mai shi a manne, suka mirgina tare har cikin kwata.

Da ƙura ta lafa, aka jawo Sammani. Audu ya matso yana ba da haƙuri, sannan ya tsuguna ya ɗauki ɓarɓashi ya ɗanɗana, ya jinjina kai.

"Malam, kai ka haɗa wannan? Tun da nike kiwo ban ga lasa mai kyau irin wannan ba. In za ka yi mani, kada ka wahalar da kanka da ƙafafu. Dunƙule kawai."

Daidai nan Alhaji Dabo ya sauko daga motar gero. Ya dubi dandamali: rodi huɗu a tanƙware, da maraƙi yana lasar siminti.

"Ciyaman, ya zauna?"

"To, Alhaji," in ji Usaini yana sosa ƙeya, "ya ɗan zauna."

Alhaji Dabo ya juya, ya kama hanyar gida. Jama'a suka tuna ƙofa, suka dubi juna, suka bi shi gaba ɗaya, don wanda ya ga farkon biki ba ya son a ba shi labarin ƙarshensa. Sammani na can baya yana ɗingishi, yana shirya jawabi.

Alhaji ya tsaya gaban zauren ubansu. Ya dubi wangamemen gibin. Ya shiga, ya fito. Ya buɗe hannuwa ya auna faɗi. Ya ɗaga kai ya duba azara, ya ga suna nan daram.

"Wa ya yi wannan?"

Yatsu da yawa suka nuna wuri ɗaya.

"Kai kaɗai? Ba wanda ya kama maka?"

"Ni kaɗai, Yaya," in ji Sammani, da 'yar muryar da ta rage. "Amma in ka dubi abin ta fuskar..."

"Malam, ka ji? Hajiya, kin ji? Ciyaman?" Duk suka ce sun ji, Hajiya ta ce ta ma gani. Sai Alhaji Dabo ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Kai kana tsammanin tunaninka ne ya hana ni sa inji tuntuni? Ƙofar nan ce. Injin ba ya shiga ta cikinta, ni kuwa in na taɓa ta, dangi har na Daura sai sun zo sun ce Dabo ya rushe ƙofar ubanshi don neman duniya. Yanzu ga shi an rushe, ba da hannuna ba, mai rushewar kuma ya amsa gaban liman. Allah ya yi maka albarka, ƙanena."

Washegari da hantsi mota ta kawo injin niƙa. Aka turo shi bisa amalanken nan dai, ya shige zaure sumul, ko gefe bai goga ba. Sammani na tsaye a waje cikin tsofaffin kayansa na gidan bulo, da Mairo ta ciro ta kakkaɓe masa tun asuba. Ya bi injin da kallo har ya shige, sannan ya taɓa Malam Nu'uman da ke wucewa.

"Allah gafarta Malam, ka ga yadda ya shiga? Ko ma'auni ban sa ba. Da ido kawai na yanka ƙofar nan."

Malam ya dubi ƙofa, ya dubi inji, ya ja carbi.

"Wannan kam, Malam Sammani," ya ce, "za ya zauna."